Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Matasanmu Masu Kallon Doctor Who

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana, na gida da na nan Birtaniya.

Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ni yayarku ce, wasunku kuma gwaggo suke ce min. A Jos aka haife ni, a can na tashi, yanzu kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin jinya a wani asibiti da ke arewacin Ingila. Na ɗauki alƙalami ne saboda wani abu da ya tsaya min a rai tun ranar Asabar 12 ga Afrilu, 2025, ranar da aka fara sabon zangon Doctor Who, shirin talbijin na BBC a kan wani matafiyi cikin sararin samaniya da zamani da ake kira Dakta.

A ranar daga aikin dare na taso. BBC ta saki kashin farko, mai suna The Robot Revolution, da ƙarfe takwas na safe a iPlayer, manhajarta ta kallo a intanet, kafin a haska shi da yamma a BBC One. Ina shiga gida na dafa shayi, na kalle shi tun daga farko har ƙarshe, sannan na kwanta. Da na farka wajen la'asar sai na tarar da saƙonni cike da wayata. Ɗan yayana da ke Kaduna ya turo min bidiyon wani Bature a YouTube, ya ɓata fuska yana rantsuwa cewa shirin ya mutu, an kashe shi, saura jana'iza. A ƙasa yaron ya rubuta: "Gwaggo, kin gani ko? Sun lalata shi da woke." Na kira shi na ce, to ɗana, wane wuri ne bai yi maka ba? Ya yi shiru. Can ya ce shi fa bai kalla ba tukuna. Kafin dare na ji irin wannan magana daga bakin mutum uku, kuma biyu daga cikinsu ba su kalla ba.

Wannan ne ya dame ni. Ban damu ba don wani ya ce shirin bai yi masa daɗi ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne ganin 'ya'yanmu masu kaifin hankali, waɗanda suka san lissafi da kwamfuta fiye da ni, sun koma 'yan amshi, suna rera waƙar fushin da wani ya tsara a ɗakinsa, ba tare da sun tambayi kansu da wa ake fushin ba.

Bari in fara da abin da na gani da idona. A cikin kashin, Belinda Chandra nas ce, tana zaune a gidan haya da wasu, ta dawo daga aiki a gajiye. Shekarun baya wani saurayi da ta yi, Alan, ya saya mata takardar nan da ake sayarwa wai an raɗa wa wani tauraro sunanka. Kwatsam sai ga mutum-mutumin ƙarfe sun dira gidan, sun ce ita ce sarauniyar duniyar da ke zagaya wannan tauraro, suka yi awon gaba da ita. A can ta tarar da yaƙi tsakanin injuna da mutane, ta tarar da Dakta a cikin masu tawaye, a ƙarshe kuma ta gano cewa ƙwaƙwalwar da ke juya injunan ba kowa ba ne illa Alan ɗin nan da ya so ya mallake ta, ta ƙi.

Akwai abin da na so ƙwarai. Belinda ba ta ruɗu da Dakta ba. Shekara da shekaru mun saba ganin yarinya ta leƙa cikin TARDIS, jirgin Dakta, akwatin nan shuɗi da cikinsa ya fi wajensa girma, ta saki baki, ta manta da gidansu. Ita kuwa wannan cewa ta yi a mayar da ita gida, tana da aiki. Ta ga mutane sun mutu a gabanta saboda sun bi shi, ta kuwa faɗa masa a fuskarsa cewa shi mutum ne mai haɗari. Da ta gane ya binciki ƙwayoyin halittarta bai nemi izininta ba, ta nuna masa bai kyauta ba. Duk wanda ya yi aikin asibiti ya san nauyin wannan. Ko awon jini za ka yi wa mutum sai ka tambaye shi, ko da kuwa don amfaninsa ne. A wurin nan na ajiye kofin shayina, don na ga an rubuta nas irin waɗanda nake aiki da su. Varada Sethu, wadda ta fito a matsayin Belinda, ta riƙe rawar da kyau.

Akwai kuma abin da ban so ba, ba zan ɓoye ba. Labarin ya yi gudu fiye da kima. An kashe wata mace daga cikin masu tawaye, Sasha 55, Dakta ya zubar mata da hawaye, alhali mu masu kallo ko minti biyar ba mu yi da saninta ba, to ta ina za mu taya shi kuka? Hawayen Ncuti Gatwa, wanda ya fito a matsayin Dakta, suna da ƙarfi, amma tun zangon bara ake yawan fito da su, abin da aka yawaita kuwa darajarsa raguwa take yi. Maganar Alan ma, wato samarin da ke mayar da ƙin da mace ta yi musu ya zama ƙiyayyar mata gaba ɗaya, babbar magana ce da ta isa a zauna a kanta, sai aka dunƙule ta cikin 'yan jimloli aka wuce. Tushen matsalar a ganina ƙarancin lokaci ne. Da marubuci Russell T Davies ya farfaɗo da shirin a 2005, kashi 13 ake yi a zango. A 2025 kuwa takwas ne. Mai gayya da ke da yini ɗaya ba zai yi noman da mai kwana biyu zai yi ba.

Kun ga ke nan ni ma ina da ƙorafi. Da ɗan yayana ya kawo min ɗaya daga cikin waɗannan, da mun raba dare muna muhawara, kuma da na ji daɗi. Amma abin da ya kawo min kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Kalmar nan da kuke ta maimaitawa, woke, daga bakin baƙaƙen fatar Amurka ta fito, kuma asalin ma'anarta mutum ya zama a farke, ya san zaluncin da ake yi masa. Daga baya aka ƙwace ta aka mayar da ita zagi. Ba na cewa duk wanda ya furta ta mai wariya ne. Wasu abin da suke nufi shi ne marubuci ya bar labari ya hau mumbari, wannan kuwa suka ce da za a iya tattaunawa, ni ma wani lokaci ina ganin haka. Amma ina roƙonku ku lura da lokacin da ihun ya fi tashi. Ya tashi ranar 16 ga Yuli, 2017, da aka sanar da Jodie Whittaker za ta zama mace ta farko da za ta ja shirin, tun ba a ɗauki ko hoto ɗaya na labarinta ba. Ya sake tashi ranar 8 ga Mayu, 2022, da aka ambaci Ncuti Gatwa, fiye da shekara ɗaya da rabi kafin kowa ya gan shi a rawar. Ya kuma tashi da aka ji cewa a wannan zango Dakta da abokiyar tafiyarsa duk ba farare ba ne. Wanda ya yanke wa labari hukunci tun ba a rubuta shi ba, ba labarin yake kallo ba, fuskar yake kallo. Fuskar nan kuwa irin taku ce. Gatwa a Kigali aka haife shi a 1992, iyayensa suka gudo da shi daga kisan ƙare-dangin Ruwanda na 1994, ya girma a Sikotland. In kun tura bidiyon mutumin da abin da ke cinsa shi ne wannan yaro ya shiga TARDIS, ku sani da ɗayanku ne ya shiga, bidiyon da zai yi ke nan.

Zan ba ku wani labari da ban cika bayarwa ba. A shekarata ta biyu a nan, wani dare na je canza wa wani dattijo ruwan da ake ƙara masa. Jikinsa ya yi nauyi, yana bukatar a yi masa da gaggawa. Ya dube ni ya janye hannunsa, ya ce a kira masa wata, ba ya son irina ta taɓa shi. Na tsaya da ledar ruwan a hannu ina lallashinsa, ina ce masa don Allah ya bari, lafiyarsa ce. Ya juya fuskarsa bango. Sai da aka nemo wata daga wani ɗaki. Na shiga ɗakin ajiyar magani na yi kukana, na wanke fuska, na koma aiki. Ba a taɓa nuna min wannan dare a talbijin ba sai ranar 1 ga Yuni, 2024, a kashin da ake kira Dot and Bubble. A ƙarshensa Dakta ya ceto wasu matasa 'ya'yan masu kuɗi daga halaka, ya ce su shigo jirginsa ya kai su tudun mun tsira, suka ƙi, saboda launin fatarsa. Yana roƙonsu su bari ya cece su ko da sun raina shi, suka juya masa baya suka tafi inda ya san mutuwa za su yi. Gatwa ya yi wata dariya da ta rikiɗe ta koma ihu. Na san wannan ihun. Ni a ɗakin magani na haɗiye nawa. Babu ɗaya daga cikin Daktocin da suka ja shirin kafin shi da zai iya yin wannan fage, don babu wanda za a ƙi hannunsa saboda wannan dalili. Idan wannan ne lalata shiri, to ni a wurina nan ne ya faɗi gaskiyar da ya shekara sittin bai samu bakin faɗa ba.

Masu cewa a dawo da shirin yadda yake a da, lokacin da babu ruwansa da siyasa, ina jin ba su san da ɗin ba. An fara shi ranar 23 ga Nuwamba, 1963, washegarin kashe Shugaba Kennedy. Wadda ta shirya shi, Verity Lambert, tana da shekara 27, kuma ita kaɗai ce mace mai irin wannan muƙami a sashen wasan kwaikwayo na BBC a lokacin. Wanda ya ba da umarnin labarin farko, Waris Hussein, haifaffen Lucknow ne a Indiya, yana da shekara 24. Dalek, dodannin da suka fi kowa suna a shirin, waɗanda ba su da buri sai shafe duk wanda ba jinsinsu ba, da 'yan Nazi aka kwatanta su, ga mutanen da yaƙin duniya na biyu bai kai shekara ashirin da ƙarewa a kansu ba. A 1973 an yi labarin wani kamfani da ke zuba guba a tsohon ramin kwal a Wales. Kuma ba zan wanke tsohon zamanin ba: a 1977 an shafa wa Bature kwalliya ya fito a matsayin ɗan Sin, abin da yau kowa zai ji kunyarsa. Shirin da jarumin cikinsa ke sauya jiki da fuska tun 1966, lokacin da William Hartnell ya kasa ci gaba saboda rashin lafiya Patrick Troughton ya gaje shi, bai taɓa zama wuri ɗaya ba. An ce Matt Smith ya yi yaro da aka ɗauke shi yana da shekara 26, an ce Peter Capaldi ya yi tsufa yana da 55. Yau duka biyun ana kewarsu.

Sai maganar alƙaluma, don na ga da su ake rufe muku baki. Gaskiya ne masu kallo sun ragu, ba zan musa ba. Kashin farko na Jodie Whittaker, ranar 7 ga Oktoba, 2018, mutum miliyan 8.2 suka kalla a daren. Space Babies, wanda ya buɗe zangon bara ranar 11 ga Mayu, 2024, miliyan 2.6 ya samu a daren. Tazara ce babba. Amma mai bidiyon ba zai gaya muku cewa adadin dare masu kallon BBC One kawai yake ƙirgawa ba, alhali bara tun ƙarfe goma sha biyun dare aka saki kashin a iPlayer, don ya dace da yammacin Juma'a a Amurka inda Disney+ ke nuna shi. Irina da suka kalla da safe ba ma cikin lissafin, sai hukumar Barb mai ƙirga masu kallo ta haɗa na mako guda da na kwana 28. Wannan sakin tsakar dare shi kansa ya fusata masoya a nan, kuma suna da gaskiya: mutum yana biyan lasisin talbijin, wanda a 2025 ya kai fam 174.50 a shekara, sai ya wayi gari an riga an tona masa labarin a intanet. Sun yi ƙorafi a kan abu takamaimai, bana aka mayar da shi takwas na safe. Irin sukar da ke haifar da gyara ke nan. Ni ma Space Babies bai burge ni ba, jarirai masu magana da dodon majina ba su ne abin da zan buɗe zango da su ba. Amma mako guda bayansa aka yi Boom, Dakta ya taka nakiya ya tsaya a kanta kusan dukan kashin, sannan 73 Yards ya biyo baya, wanda har yau in na tuna tsikar jikina tashi take yi. Wanda ya yi wa zangon jana'iza a makon farko ya rasa waɗannan.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne murnar da nake ji a muryar wasu in suna cewa za a soke shirin. A lokacin da nake wannan rubutu, a 2025, BBC ta ce yarjejeniyarta da Disney kan shirin ta kashi 26 ce, kuma sai an gama nuna wannan zango za a yanke shawara kan na gaba. Wato ba a san gobe ba. An taɓa dakatar da shi a 1989, kuma in ban da fim ɗaya na 1996, sai da aka shekara goma sha shida kafin ya dawo. Yaran da aka haifa a tsakanin nan sun girma babu shi. Mai ƙaunar abu ba ya tafi don ya ga yana shure-shure. Ku kuma tambayi kanku me mai bidiyon ke samu: YouTube na biyan mutum gwargwadon masu kallonsa, fushi kuwa ya fi yabo jawo jama'a. Duk mako sai ya nemo abin da zai fusata a kai, don abincinsa ke nan. Ku me kuke samu in kun taya shi tallar?

Ina da kalma ɗaya kuma ga ɗaya ɓangaren, masu kare shirin ido rufe. Na ga an kira wata yarinya mai wariyar launi don kawai ta ce ƙarshen kashin bai gamsar da ita ba. Wannan zalunci ne, kuma shi ke tura masu suka ta gaskiya hannun waɗancan. Ku bar mutane su ce abu bai yi ba.

Yanzu bari in gaya muku dalilin da ya sa nake ganin muna da haƙƙi a wannan shiri fiye da yadda kuke zato. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge kaset ɗin tsofaffin shirye-shiryenta don ta sake amfani da su, ta haka kashi da yawa na Doctor Who suka salwanta. Amma kafin nan ta kan kwafe su a fim ta sayar wa gidajen talbijin na ƙasashen waje, fim ɗin ya yi ta yawo daga wannan tasha zuwa waccan. A watan Oktoban 2013 aka sanar da cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talbijin a Jos. A ciki akwai kashi tara da aka fid da rai da su fiye da shekara arba'in: biyar na The Enemy of the World, waɗanda suka cike labarin gaba ɗaya, da huɗu na The Web of Fear, duka na zamanin Patrick Troughton, 1967 zuwa 1968. Har zuwa 2025 kashi 97 ba a gan su ba, amma waɗannan tara garinmu ne ya adana su. Lokacin ina shirin tahowa nan, ban ma san shirin sosai ba, sai na ji sunan Jos a labarai a kan abin da ba rikici ba, na ce lallai sai na ga abin da aka ajiye a garinmu. Da na samu na kalla, sai ga wata baƙar mace, Carmen Munroe, a matsayin Fariah, mai ɗanɗana wa azzalumin shugaba abinci, wadda ta tsane shi ta kuma yi ƙarfin halin juya masa baya. A 1968 ke nan. Daga ranar na zama mai kallo.

Abin da Landan ta goge, Jos ta riƙe. To ga shi kuma a wannan zango, kashi na biyar, The Story and the Engine, a Legas labarinsa yake, kuma wanda ya rubuta shi Inua Ellams ne, mawaƙi kuma marubucin wasan kwaikwayo, wanda aka haifa a Jos a 1984. Ɗan garinmu ne zai sa wa Dakta magana a baki. Na tabbata tun kafin a haska shi an riga an tanadi bidiyon da za a ce shi ma an lalata, kuma zuciyata ba za ta ɗauka ba in ga wayar ɗan Jos ko ɗan Kano ce ke yaɗa shi.

Ranar Asabar 10 ga Mayu, 2025, za a nuna shi. Na riga na yi musayar aiki da wata abokiyata don in kasance a gida. Waɗanda ke kusa da ni sun san ƙofata, ku zo, zan yi masa da miyan taushe, mu kalla tare, in an gama kowa ya faɗi abin da ya gani, ko da zai ce bai yi ba. Kai kuma ɗana na Kaduna, ka fara kallon na ranar 12 ga Afrilu tukuna, daga farko har ƙarshe, sannan ka kira ni. Ina so in ji me ka gani game da Belinda.

Wassalam.

Taku,
Yayarku kuma gwaggonku, daga arewacin Ingila